Inda matasan masana kimiyya na arewacin Ghana za su nemi kuɗin shirya taronsu

Matashin da ya kammala digirin dakta yana aiki a Bawku, Yendi ko Salaga, yawanci shi ne ke bin taron kimiyya zuwa Accra ko Kumasi, idan ya samu kuɗin mota. Amma akwai hukumomin da ke ba irinsa tallafi don ya kira taron da kansa, ya zaɓi maudu'i, ya gayyato masu jawabi. Kusan dukkansu suna da sharaɗi guda: ba sa zuba kuɗi a aljihun mutum, sai a asusun wata jami'a ko cibiyar bincike da ta yarda ta karɓi baƙuncin taron.

Saboda haka matakin farko shi ne samun mai masauki. Babbar cibiyar yankin ita ce Jami'ar UDS ta Tamale, wadda aka kafa a 1992. Akwai cibiyar binciken noma ta SARI a Nyankpala, wadda ke da tasha a Manga kusa da Bawku, sai cibiyar binciken lafiya ta Navrongo, da jami'ar da ke garin na Navrongo. Kwalejojin jinya na Bawku da Kpembe, dab da Salaga, suna iya ba da ɗakin taro, amma takardar neman kuɗi ta fi ƙarfi idan jami'a ta sa hannu.

Wane ne ke ba da kuɗin ya danganta da fannin. Masu nazarin halittu suna da The Company of Biologists ta Cambridge a Ingila, ƙungiyar da aka kafa a 1925, wadda ke tallafa wa tarurrukan da suka shafi fannonin mujallunta. Masu binciken ƙwaƙwalwa suna da IBRO, mai kwamiti na musamman kan Afirka. Cibiyar ICTP ta Trieste a Italiya, wadda Abdus Salam ya kafa a 1964, tana taimaka wa tarurrukan fiziks da lissafi a ƙasashe masu tasowa, kuma ta fi son taron da ya haɗa ƙasashen yanki. Ƙungiyar masana lissafi ta duniya, IMU, ita ma tana da shirin tallafa wa irin waɗannan tarurruka.

CIMPA, mai hedkwata a Nice ta Faransa tun 1978, ta cancanci a tsaya a kanta. Abin da take ɗaukar nauyi makarantar bincike ce ta kusan mako biyu, inda malamai daga waje ke koyar da ɗaliban digiri na biyu da na uku. Ana buƙatar mai shiri a ƙasar da za a yi taron da abokin aiki daga waje, kuma ana miƙa takarda tun kusan shekara biyu kafin lokacin. Wanda yake gaggawa, wannan ba ƙofarsa ba ce.

A nan ne garuruwan iyaka suke da wata dama da Accra ba ta da ita. Bawku na kusa da Burkina Faso da Togo, Yendi ma ba ta da nisa da Togo. Taron da zai zaunar da masu binciken gero, wake ko zazzaɓin cizon sauro daga Dapaong, Tenkodogo da Tamale wuri guda, shi ne irin wanda masu ba da tallafi suke kira na yanki. Ghana ta zama cikakkiyar mamba a ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci a 2024, kuma hukumar jami'o'i ta AUF tana tallafa wa tarurrukan ilimi na jami'o'in da ke cikinta, don haka abokin aiki daga Lome ko Wagadugu yana da amfani. Hausa kuwa, wadda fataken goro suka kai Salaga tun da daɗewa, takan cike giɓi tsakanin mai Turanci da mai Faransanci, musamman idan za a gayyato manoma ko ma'aikatan lafiya.

Takardar nema ba ta da wani sirri: maƙasudin taron, sunayen masu jawabi tare da mata a cikinsu, kasafin kuɗi dalla-dalla, da wasiƙar mai masauki. Tallafin ba kasafai yake biyan komai ba, dole a haɗa da gudummawar jami'a ko kuɗin rajista. Wasu kuma sai an gama taro an kawo rasidai suke biya, abin da ke wahalar da matashin da ba shi da jari.

A cikin gida, majalisar dokokin Ghana ta zartar da dokar kafa asusun bincike na ƙasa a 2020.

Batun tsaro ma yana shiga lissafi. Rikicin sarauta ya sa an sha sanya dokar hana fita a Bawku, don haka mai shirin taro a can yana bukatar wuri na biyu a hannu, kamar Bolgatanga ko Tamale, inda akwai filin jirgin sama, kuma ya rubuta hakan a takardarsa tun da farko.