Magana Mai Harshen Damo

Kalmar equivocation ta shigo Turanci daga Latin, inda asalinta ke nufin abubuwa biyu da ake kira da suna ɗaya. A yau ma'anarta ita ce mutum ya faɗi maganar da ke ɗauke da fuska biyu da gangan, don mai saurare ya ɗauki wadda ba ita ce a zuciyar mai magana ba. Bahaushe ya daɗe da sanin abin, ya kira shi magana mai harshen damo.

Baƙin jinin kalmar a Ingila yana da tarihi. Bayan an bankaɗo makircin tarwatsa majalisar dokoki da albarushi a Nuwamban 1605, an gurfanar da Henry Garnet, shugaban limaman ɗarikar Jesuit a ƙasar, wanda ya taɓa rubuta littafi yana halatta wa wanda ake zalunta ya amsa tambaya da rabin magana, ya ƙarasa sauran a zuci. Masu gabatar da ƙara suka riƙe wannan hujja a kansa, aka rataye shi a watan Mayun 1606. Shakespeare ma ya yi wa masu wannan ɗabi'a shaguɓe ta bakin mai gadin ƙofa a wasan Macbeth. A 1679 Paparoma Innocent na 11 ya haramta nau'in da ake ɓoye sharaɗi a zuci ɗungurungum. Tun daga nan kalmar ta koma ta zargi.

A nan ne nake ganin haɗari ga yaran Sabonjida. Unguwar tana cikin Tamale, garin Dagomba, amma sunanta Sabon Gida ne, shaidar sawun Hausawa a ƙasar da fataken goro suka daɗe suna ratsawa. Yaro a nan yana jin Dagbanci a titi, Hausa a zango da kasuwa, Turanci a aji. Idan ya koyi wannan kalma, sai ya shiga liƙa ta ga duk maganar da ba ta fito kai tsaye ba. Dattijon da aka zo neman auren 'yarsa ya ce "za mu yi shawara, Allah ya zaɓa mafi alheri" bai yaudari kowa ba. Wakilan ango sun gane an ƙi, sun kuma tashi da mutuncinsu, gobe za a haɗu a sahu ɗaya a masallaci ba tare da ɗaure fuska ba. Wannan sakaya zance ne, kara ce da kunya, kuma kowa a zauren ya san mabuɗinta.

Malaman fiƙihu sun fi ƙamus rarrabe lamarin. Suna kiran sa tauriyya, suna kafa hujja da Sayyidina Abubakar, wanda a hanyar Hijira aka tambaye shi wane ne abokin tafiyarsa, ya bayyana shi a matsayin mai nuna masa hanya; masu tambaya suka ɗauka ɗan jagora ne, shi kuwa shiriya yake nufi. Imam Nawawi a cikin Al-Azkar ya halatta ta inda akwai buƙata ta gaskiya, ya haramta ta idan za a ci haƙƙin wani da ita. Rantsuwa a gaban alƙali kuwa tana tafiya ne bisa niyyar mai rantsarwa, don haka babu mafaka a nan.

Da wannan ma'auni, harshen damo na ainihi yana wani wuri. Yana bakin ɗan takarar da ya ce "an ware kuɗin" aikin ruwa, bai faɗi nawa ba, bai faɗi yaushe ba, alhali matan unguwa na yawo da jarkoki a lokacin rani. Yana bakin ma'aikacin da ke cewa "je ka dawo" ga tsohon da ya biyo haƙƙinsa, da dillalin fili a bayan gari da ya ce "akwai takarda" ya yi shiru a kan sunan da ke jikinta. Waɗannan duka sun san mai tambaya yana da haƙƙin jin amsa, sun kuma zaɓi kalmomin da za su iya musantawa gobe. Su ya kamata malamin Turanci ya kawo wa ɗalibansa misali idan ya zo kan wannan kalma.