Baitulmali da Shekarun Matsi

A dā, kowane ma'aikacin En'e, tun daga Ma'aji har ya zuwa ɗan doka mai tsaron ƙofa, albashinsa daga hannun talaka ya ke fitowa. Saboda haka wanda ya ke so ya san labarin ma'aikatan En'e sai ya fara da labarin Baitulmali, watau yadda kuɗi ke shiga cikinsa, da yadda su ke fita, da wanda a kan ɗora wa nauyi sa'ad da abin ya kasa. Ba a taɓa gwada wannan al'amari kamar yadda aka gwada shi tsakanin 1929 da 1935 ba, zamanin da ciniki ya mutu a duniya duka.

Kafin zuwan Turawa haraji iri iri ne a ƙasar Hausa. Akwai zakka ta hatsi, da kuɗin ƙasa, da kuɗin rafi na masu lambu, da kuɗin karofi na marina, da jangali na masu shanu. Mai unguwa ya tara ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, hakimi ya kai wa sarki, kowa kuwa ya kan ɗebi rabonsa bisa hanya. Da Turawa suka ci Kano da Sakkwato cikin 1903, sai Gwamna Lugga ya yi doka cikin 1906 wadda ta nemi haɗa yawancin waɗannan su zama haraji guda, a raba shi tsakanin Gwamnati da sarakuna. Bayan wannan, a Katsina, zamanin Sarki Muhammadu Dikko da Razdan Palmer, aka soma tara rabon sarki wuri ɗaya, a rubuta shi cikin littafi, a yanka wa sarki da hakimai da alƙalai albashi daga ciki, abin da ya saura kuma a yi aikin jama'a da shi. Wannan shi ne asalin Baitulmali. Zuwa 1911 tsarin ya game manyan masarautun Arewa. Rabon kuwa, galibi, rabi da rabi ne.

Akwai wata ƙa'ida da Ingila ta kafa wa ƙasashen da ta mallaka, ita ce kowace ƙasa ta ci da kanta. Kafin 1914 a kan aiko wa Arewa gudunmawa daga Ingila kowace shekara, don abin da a ke tarawa bai isa ba. Da aka haɗa Kudu da Arewa ran 1 ga Janairu 1914, sai aka yi ta rage gudunmawan nan har ta ƙare. Tun daga sa'an nan yawancin makarantu da asibitoci da hanyoyin da aka yi a wancan zamani, da kuɗin ƙasa aka yi su, ko kuwa da bashin da aka ciwo a London, wanda ƙasa za ta biya da ruwansa.

Jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, kafin a yi shekara biyu gyaɗa ta zama babbar hajar ƙasa. Aka bar karɓar haraji da wuri ko da hatsi, sai sule da kwabo, don haka manomi ya kan shuka gyaɗa ko auduga musamman saboda haraji. Bayan yaƙin duniya na fari aka sami shekarun yalwa, Baitulmali ya cika. Cikin 1928 Gwamnati ta ƙara rabon manyan En'o'i ya kai kashi 70 cikin 100. Da irin wannan yalwa En'en Kano, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, ta gina asibitin birni, ta jawo ruwa daga kogin Challawa, ta sa wutar lantarki. An buɗe aikin ruwa da wuta cikin 1931, ya ci fiye da fam 300,000, daga ajiyar Baitulmali. Sauran abin da En'o'i suka tanada kuwa, wani aka sa a banki, wani aka aika London aka ba da rance ga Ingila da waɗansu ƙasashen da ke ƙarƙashinta.

Ana cikin haka, cikin Oktoba 1929 kasuwar hannun jari ta rushe a New York, masifar ta bi teku ta game duniya. Ma'aikatun Turai da ke matse gyaɗa suka rage saye. Tan ɗin gyaɗa da a ke saye fiye da fam 8 a Kano cikin 1929 ya faɗi har ya kasa fam 3 a kakar 1933 zuwa 1934. Auduga da fata da ƙiraga duk suka bi baya. A Jos aka taƙaita haƙar kuza tun daga 1931, aka sallami lebura masu yawa suka koma garuruwansu hannu wofi. Ga kuma fara ta yi ta sauka shekara bisa shekara, alhali mutane ba su gama farfaɗowa daga yunwar Mai Buhu ta 1927 ba.

Kuɗin kwastan shi ne babban abin da Gwamnatin Ikko ke dogara da shi, da ciniki ya mutu shi ma ya ragu ƙwarai. Sir Donald Cameron ya zo Gwamna cikin 1931, ya tarar da aljihu ya yi sauƙi, sai ya bi hanyar da Ingila kanta ta bi a shekaran nan, watau tsuke bakin aljihu. Aka sallami ma'aikata, Turawa da 'yan ƙasa, aka tsayar da ayyukan gini, aka taɓa albashi. Aka kuma rage rabon manyan En'o'i daga kashi 70 ya koma 60, domin a cike giɓin Gwamnati. En'o'i su ma suka juya kan nasu ma'aikata da nasu ayyuka. Gurbin da mai shi ya mutu ko ya bar aiki a kan bar shi haka nan, rijiyar da aka yi niyyar haƙawa a ce sai baɗi, malami ɗaya ya riƙe aikin mutum biyu.

To, mai karatu ya duba wanda nauyin ya fi danne wa. Haraji da sule a ke yanka shi, sule kuwa bai san gyaɗa ta faɗi ba. Kadan kuɗin gyaɗa ya koma sulusi, mutumin da dā buhu ɗaya ke fid da shi sai ya sayar da uku. In gyaɗar ba ta isa ba ya buɗe rumbu ya sayar da gero da kaka, lokacin da ya fi araha, sa'an nan ya saye shi da tsada da bazara, ko ya ci bashi, ko ya sayar da akuya, ko ya tafi cin rani. An rage haraji a wurare, gaskiya ne, amma ragin bai kai faɗuwar kasuwa ba. Dagaci kuwa, in kuɗin ƙasarsa bai cika ba, rawaninsa ke rawa, don haka shi ma ya matsa wa na ƙasa da shi. Malamin haraji, wanda shi kansa an taɓa albashinsa, shi ne a ke turawa ya tsaya gaban mutanen da ya san ba su da shi.

Akwai kuwa abubuwan da wuƙar ragi ba ta taɓa ba. Ruwan bashin da aka ciwo don gina hanyar jirgi da tashar jiragen ruwa, ana biyansa cif cif kowace shekara. Fanshon Turawan da suka koma gida, ana aika musu. Har wa yau akwai wani tsohon alkawari: sa'ad da Gwamnatin Ingila ta karɓi mulki daga hannun Kamfanin Neja cikin 1900, ta yarda za a riƙa ba kamfanin rabin kuɗin da a ke karɓa bisa ma'adinai a wani babban yanki na Arewa har shekara 99. Kamfanin U.A.C., wanda aka kafa cikin 1929, shi ya gaji wannan rabo. Watau a shekarun da a ke ce wa ƙauye babu kuɗin rijiya, rabin kuɗin kuza na fita ƙasa ba tare da gardama ba.

Shin babu wata hanya sai wannan? Akwai, waɗansu ma an bi su daga baya, bayan an sha wuya.

Ta fari ita ce ajiya. Manomi ba ya cika rumbu don ya yi ta kallonsa, don bazara ya ke cikawa. En'o'i da dama suna da ajiya a London a daidai lokacin da su ke sallamar leburori. An taɓa ajiyan nan, amma da ɗari-ɗari, don dokar kashe ta na hannun Gwamnati. Da an saki abin da ya fi haka aka yi hanyoyi da rijiyoyi da rani, da lebura ya sami abin biyan haraji, kuɗin ya zagaya kasuwa ya komo Baitulmali. Irin wannan dabara ce Shugaba Roosevelt ya bi a Amurka tun daga 1933, ya sa marasa aiki gina madatsun ruwa da hanyoyi da kuɗin gwamnati. Cikin 1936 kuma wani masanin tattalin arziki na Ingila, Keynes, ya fid da littafi yana nuna cewa in kowa ya ƙulle hannunsa lokaci guda, har da gwamnati, talaucin ƙaruwa ya ke yi, gama abin da wani ya kashe shi ne abin da wani ya samu.

Ta biyu ita ce a ɗora wa kowa gwargwadon ƙarfinsa. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Musulmi, tun da zakka ba ta hawa kan wanda bai kai nisabi ba. A Kano an yi ƙoƙarin haka da taki, watau malamai su auna gona, mai babbar gona ya biya fiye da mai ƙarama. Akwai kuma kuɗin masu arziki da a kan yanka wa attajirai dabam. Amma manyan masu samu na wancan zamani su ne kamfanonin da ke sayen gyaɗa, su kuwa an daɗe ba a taɓa ribarsu ba. Sai cikin 1931 aka sa wa baƙi mazauna ƙasa haraji bisa abin da su ke samu, kamfanoni kuwa sai 1939. Manomi ya riga su da fiye da shekara 30.

Ta uku ita ce a bayyana aikin kowa da rabon kowa, don kada babba ya riƙa cike giɓinsa da tuwon ƙarami duk sa'ad da ya matsu. Gwamna Bourdillon, wanda ya gaji Cameron cikin 1935, ya rubuta takarda cikin 1939 bisa yadda ya kamata a raba kuɗi da ayyuka tsakanin Gwamnati da En'o'i. A nan ne wata tambaya ta fito fili, wadda rabon kashi bisa ɗari ba ya amsawa. Baitulmalin Kano mai mutane da yawa da gyaɗa ya iya jawo ruwa da wuta, ƙaramar En'e kuwa, in ta biya sarki da hakimai da 'yan doka, ɗan abin da ya saura bai isa gina ɗakin shan magani ba. Ko cikin masarauta guda ma, famfo a birni ya ke, harajin da ya saye shi kuwa yawancinsa daga ƙauye ya fito. Adalci bai cika ba sai an duba inda bukata ta ke, an kai wa mai ƙaramin ƙarfi gudunmawa.

Ta huɗu ita ce Ingila ta saki ƙa'idan nan ta kowa ya ci da kansa. Cikin 1940 majalisarta ta yi doka ta ware fam miliyan 5 kowace shekara don raya ƙasashen da ta mallaka, cikin 1945 ta mai da shi fam miliyan 120 na shekara 10. Daga nan aka tsara wa Nijeriya shirin shekara 10 cikin 1946, na fam miliyan 55, miliyan 23 daga Ingila, saura daga kuɗin ƙasa da rance. Rijiyoyin siminti da ɗakunan shan magani da makarantun elementare suka ƙaru a ƙauyuka, ma'aikatan En'e kuwa su ne suka riƙe yawancinsu. Cikin 1950 kuma Gwamnati ta fanshi rabon U.A.C. na kuɗin ma'adinai da fam miliyan 1, wannan ƙofa ta rufe.

Ta biyar tana hannun ma'aikata kansu, ita ce kwabon da aka karɓa ya isa inda aka nufa. Rasit ga kowane mai biya, ƙidayar shanu ta gaskiya, littafin da mai bincike zai buɗe bai sami gyara ba, waɗannan su ne aikin Ma'aji da malamansa. Inda aka kiyaye su talaka ya kan biya sau ɗaya. Inda aka yi sakaci kuwa ya kan biya sau biyu, ɗaya na Baitulmali, ɗaya na aljihun wani, labarin irin wannan kuwa bai ɓoyu ga kowa ba.

Zamani ya juya. Bayan 1966 aka karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e, cikin 1976 aka kafa ƙananan hukumomi iri ɗaya a ƙasa duka, cikin 1979 gwamnonin Kano da Kaduna, Abubakar Rimi da Balarabe Musa, suka soke haraji da jangali. Man fetur ya maye gurbin gyaɗa. Da kuɗinsa ya faɗi, sai aka sake tsuke bakin aljihu cikin 1982 da 1986, tambayoyin dā kuma suka komo da sabuwar riga: wa zai ɗauki nauyi, me za a rage, me ba za a taɓa ba, ina ajiyar shekarun yalwa ta tafi.

Malaman haraji da na jangali, da malaman asibiti da na makaranta, da duba-gari, da magina rijiya, waɗanda suka riƙe aiki cikin shekarun nan da albashin da aka rage, ba su ne suka yanka rabo ba, ba su ne kuma suka karya kuɗin gyaɗa ba. Amma a hannunsu amanar kwabon talaka ta kwana, da yawa daga cikinsu kuwa sun mai da ita yadda aka ba su. Allah ya ji ƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ya ba masu riƙe da dukiyar jama'a ikon yin adalci cikin yalwa da cikin matsi, amin.