Yadda hoton ƙirji ya gano raunin maƙoshin jarirai

A ƙauyukan Babura da Roni, wanda aka fi sani da taɓa maƙoshin jinjiri shi ne wanzami, mai cire hakin wuya kafin suna ko ranar sunan. Aikinsa ana ganinsa da ido, jini ma ana ganinsa. Amma akwai wani rauni da ke ɓuya can ƙasan maƙoshi, wanda kayan asibiti ke jawowa garin ceton rai.

Asalinsa daga ci gaba ne. A shekarun 1880 likitocin birnin Faris, ciki har da Stéphane Tarnier, suka yaɗa sa bakwaini a kwalba da ɗura masa madara ta siririyar roba. Daga baya aka ƙara robar zuƙe majina da ta numfashi. Maƙoshin bakwaini kuwa laushi gare shi kamar auduga. Roba na ɗan kaucewa sai ta huda bango ta buɗe wa kanta hanya.

Röntgen ya gano hasken ɗaukar hoton cikin jiki a Jamus a 1895, amma an jima ba a gane wannan rauni ba, saboda yana kama da wata larura. Jaririn da aka haifa da toshewar hanyar abinci yana dalalar da miyau, roba kuma ta ƙi wucewa. Wanda roba ta huda ma haka yake. Tun da Cameron Haight ya yi nasarar ɗinke irin wannan toshewa a Amurka a 1941, sai hankali ya karkata ga tiyata, har aka riƙa buɗe ƙirjin wasu jarirai a tarar hanyarsu lafiya lau.

A 1969 ne Eklöf da abokan aikinsa a Suwidin, da Girdany da nasa a Amurka, suka bayyana abin da hoto ke nunawa: roba a inda bai kamata ba, iska ta taru a wuya ko gefen huhun dama, ruwan da ake ɗurawa don ɗaukar hoto ya bi wata hanya ta biyu. Wannan ya sauya magani. Yawanci yanzu a dakatar da shayarwa ta baki, a ba da ƙarin ruwa da maganin ƙwayoyin cuta, raunin ya haɗe da kansa cikin mako ɗaya zuwa biyu.

Shi ya sa jaririn da aka turo daga Babura ko Kazaure zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, bayan hoto, likita kan tambayi kakar da ta rungumo shi: an zura masa roba? Wanzami ya zo?