Tubalan Manhaja da Kundin Rajistarsu: Daga Kambirij Zuwa Iyakar Gobir

A shekara ta 1808 ne birnin Alkalawa ya faɗa hannun masu jihadi, daga nan kuwa Gobirawa suka shiga neman sabon mazauni. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 wani sashe nasu ya kafa Tibiri kusa da Maraɗi, sa'an nan a rabi na biyu na ƙarni na 19 Ɗan Halima ya ɓalle da jama'arsa ya kafa Sabon Birni. Da Turawan Ingila da na Faransa suka shata iyaka tsakanin 1906 da 1908, sai Tibiri ta zama rabon Faransa, Sabon Birni da Isa da garuruwan da ke kewaye da su, irin su Tsamaye, suka zama rabon Ingila. Harshen bai rabu ba, amma rubutun boko ya rabu. Yaron da ya shiga makaranta a Tsamaye za a koya masa ya rubuta 'ya'ya da ɗan waƙafi a gaban y, ɗan'uwansa na Tibiri kuwa ƴaƴa zai rubuta, da harafi mai ƙugiya, ko da yake a gida dukansu ɗiya suke cewa. Wannan ɗan bambanci a yau yana da gurbi a cikin kundayen da kwamfutocin duniya suke dogara da su. Kafin a gane yadda ya kai can, da irin wahalar da aka sha, sai an waiwayi tarihin wata dabara ta masu tsara manhaja, watau gina aiki da tubalan da wani ya riga ya yi.

Asalin dabarar ya kusa yin tsara da kwamfuta kanta. A watan Mayu na 1949 aka tayar da na'urar EDSAC a Jami'ar Kambirij ta Ingila, ƙarƙashin jagorancin Maurice Wilkes. Ba da jimawa ba masu aiki da ita suka lura cewa akwai ƙananan ayyuka da kowa yake maimaitawa, kamar karanta lambobi da buga amsa, kowane mutum kuma yana sake tafka kurakuran da na gabansa ya riga ya gyara. Saboda haka suka rubuta kowane ƙaramin aiki sau ɗaya, suka jarraba shi, suka huda shi a kan zaren takarda, suka adana cikin akwatin ƙarfe. Kowane zare yana da harafi da lamba: P na ayyukan bugawa, R na ayyukan karantawa. Mai bukata sai ya duba jerin sunaye, ya ɗauko zaren, a kwafe masa a cikin nasa. David Wheeler shi ya warware matsalar yadda tubalin zai zauna a duk inda aka aje shi cikin ƙwaƙwalwar na'ura, ya gama aikinsa ya mayar da ragama ga wanda ya kira shi. A 1951 Wilkes da Wheeler da Stanley Gill suka wallafa littafi a kan wannan hanya. Abin lura shi ne, tun ranar farko abu biyu aka ƙirƙira tare: tubalin, da kuma jerin da ake nemansa a ciki.

A watan Oktoba na 1968, a wani taro da ƙungiyar NATO ta shirya a Garmisch ta ƙasar Jamus, Douglas McIlroy na ɗakin binciken Bell ya kawo shawarar a kafa masana'antar tubalan manhaja, yadda mai bukata zai zaɓa daga kundi kamar yadda makaniki yake zaɓar noti da kusa bisa awo. An yi fiye da shekara ashirin kafin shawarar ta zama kasuwa.

Kamfanin Microsoft na cikin waɗanda suka kai ta kasuwa. Tun farkon Windows a 1985 akwai fayiloli da ake kira DLL, waɗanda manhajoji da yawa suke aron abin da ke cikinsu a lokacin da suke aiki. Visual Basic ta fito a 1991, ta buɗe wa ƙananan kamfanoni ƙofar sayar da tubalai shiryayyu, kamar jadawali da kalanda. A 1993 aka fito da tsarin COM, wanda daga 1996 aka riƙa tallata wani ɓangare nasa da sunan ActiveX. Ga yadda yake aiki. Kowane tubali ana ba shi lamba mai tsawon alƙaluma 32, wadda ba a sa ran za ta yi karo da ta wani. Lokacin da aka girka shi a kwamfuta, sai a rubuta lambar a cikin kundin rajista na Windows, a gefenta kuma a rubuta inda fayil ɗin yake zaune. Manhajar da take bukatarsa ba ta san gidansa ba, lambarsa kaɗai ta sani. Sai ta miƙa wa Windows lambar, Windows ta duba kundi, ta ɗauko. Akwai wata 'yar manhaja mai suna regsvr32 da ake umurta ta yi wannan rajista, ita kuwa abin da take yi shi ne ta loda tubalin ta ce masa ya rubuta kansa da kansa.

A nan wahala ta soma, domin kundin ɗaya ne tak a kowace kwamfuta, kowa kuma yana da ikon sa hannu a ciki. Mai tsara manhaja zai gama aikinsa, ya ga yana tafiya sumul a kwamfutarsa, ya kai wa mai saye, sai na'urar can ta amsa da lambar kuskure 80040154, ma'ana ba ta san wannan tubali ba. Dalilan suna da yawa, gwanintar masu sana'ar kuma ita ce bin su ɗaya bayan ɗaya. Wani lokaci an kwafi fayil ba a yi masa rajista ba. Wani lokaci an yi rajistar, daga baya aka matsar da fayil ɗin, kundi yana nuni ga kango. Wani lokaci kuma wata manhaja dabam ce ta zo ta danne sabon bugu da tsoho mai suna iri ɗaya, ko kuwa da aka tashi cire ta sai ta tafi da tubalin da wasu suke amfani da shi. Mafi ruɗarwa shi ne inda regsvr32 za ta ce ba ta iya loda fayil ba alhali ga shi a gaban mutum: abin da ya ɓace ba shi ba ne, wani fayil ne da shi kansa yake dogara da shi, saƙon kuwa ba ya faɗin sunansa. Tun a wurin gini ma ana iya shuka matsalar, gama Visual Basic takan ba tubali sabuwar lamba a duk lokacin da aka sake gina shi, in ba a umurce ta ta riƙe ta dā ba, sai tsofaffin manhajoji su yi ta kiran lambar da babu mai amsa ta. Masu sana'ar suka laƙaba wa wannan hali suna jahannamar DLL, ba su kuwa yi ƙari sosai ba.

Gyaran da aka yi daga baya ya nuna inda laifin yake. Daga Windows XP ta 2001 da tsarin .NET na 2002 aka yarda bugu biyu na tubali ɗaya su zauna gefe da gefe, kowace manhaja kuma ta zo da takardar da ke faɗin ainihin bugun da take so. Duk da haka sababbin tarkuna sun biyo baya. Daga Windows Vista rajista takan ƙi yiwuwa sai da iznin mai kula da na'ura, kwamfutoci masu bit 64 kuma suna da sashe dabam a kundi domin tubalai masu bit 32, yadda manhajar wannan sashe ba ta ganin abin da aka rubuta a wancan. Da kundin ya koma intanet ma ba a tsira ba. A watan Maris na 2016 wani mai tsara manhaja ya janye wani tubali nasa mai layi 11 kacal, mai suna left-pad, daga ma'ajiyar npm, nan take gine-gine masu ɗimbin yawa a duniya suka tsaya cik.

Hausawa sun gamu da wannan tarihi ta wata ƙofa da ba a cika ambata ba, watau ta haruffansu. A farkon mulkin Turawa ɗigo ake sa wa a ƙarƙashin b da d da k. A cikin shekarun 1930 Hukumar Talifi ta Zariya, zamanin Rupert East, ta karɓi haruffa masu ƙugiya, da su kuma aka san Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939. Maɗaba'a tana da zubinsu na dalma, amma akawun da ke da tafireta ta Ingilishi sai dai ya bi takarda da biro yana ƙara ƙugiya. Da kwamfuta ta shigo, jerin haruffan da ta gada daga Amurka, na ASCII, gurbi 128 ne, babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ. A shekarun 1990 malamai suka tashi neman mafita, cikinsu har da Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano, wanda ya ƙera zubin haruffa biyu, Rabi'at da Abdalla, waɗanda suka yi wa marubuta da maɗaba'u babban amfani. Dabarar zamanin gaba ɗaya ita ce a ari gurbin wata alama da Hausa ba ta bukata, a zana harafi mai ƙugiya a kai. Wasu sun ari alamomin baka, wasu kuma q da x da v.

Zubin haruffa shi ma tubali ne: mutum ɗaya ya ƙera, dubbai suna amfani da shi, sai an girka shi kuma Windows ta rubuta sunansa a kundinta kafin ya yi aiki. Amma waɗannan gurabun aro babu wani kundi na duniya da ya san da su. Fayil ɗin da aka buga a Kano aka kai wata kwamfuta a Sakkwato da ba ta da zubin, sai ƙasa ta koma }asa ko qasa, ɗaya ta koma ]aya ko xaya, ɓarawo ya koma varawo. Wannan ba ƙaramar asara ba ce. Kundayen digiri da jaridu da littattafai na wancan zamani da yawa suna nan a haka, mai neman kalma a cikinsu ba zai same ta ba sai ya san wace dabara mai bugun ya bi.

Abin mamaki, maganin ya riga cutar yaɗuwa. Tun a 1991 kundin Unicode ya ba kowane ɗaya daga cikin haruffan nan lambarsa ta dindindin: Ƙ da ƙ suna 0198 da 0199, Ƴ da ƴ suna 01B3 da 01B4. Manyan Ɓ da Ɗ suna 0181 da 018A, amma ƙananansu an jefa su can cikin sashen alamomin masana furuci, a 0253 da 0257. Wannan rarrabuwa ta sa aka yi ta samun zubin haruffa da yake da wasu ya rasa wasu, kalma ɗaya ta fito da harafi guda ya bambanta da 'yan'uwansa, ko ɗan akwati ya tsaya a gurbinsa. Lamba a kundi kuma ba ta isa ba sai da hanyar bugawa. Sai a Windows 7 ta 2009 aka sami madannan Hausa a cikin tsarin kansa, su ma kuwa fayil ne na DLL mai suna KBDHAU, da aka yi wa rajista a ƙarƙashin lamba 00000468. Ajami ya fi jinkiri: fa'un da ƙaf da nun na salon Warshu sun sami lambobinsu a 2016, wasu haruffan da Hausa take bukata kuma sai a 2020.

Daga nan sai a koma iyakar Gobir. Taron Bamako na 1966 da UNESCO ta kira ya nemi daidaita rubutun harsunan Afirka ta Yamma, Hausa na ciki, amma Nijar ta riƙe ƴ, ta kuma tabbatar da shi a dokarta ta 1999, Nijeriya ta zauna a kan 'y. Kundin CLDR, wanda manyan kamfanoni suke ɗibar bayanan harsuna daga gare shi, ya karɓi rabuwar yadda take, ya ware Hausar Nijeriya da ta Nijar da ta Gana. A wajen Microsoft kuwa lamba 0468 ta Hausar Nijeriya ce. Ta Nijar ba ta shiga ba sai a Windows 10 ta 2015, kuma ba a ba ta lambar kanta ba, an haɗa ta ne da tarin harsuna a ƙarƙashin 1000, sai da suna ake rarrabe ta.

A wannan gaɓa ɗaya zaɓin Nijar ya fi sauƙi ga na'ura, domin ƴ lamba ɗaya gare shi. Ɗan waƙafin Nijeriya kuwa fuska uku gare shi a Unicode: miƙaƙƙe mai lamba 0027, lanƙwasasshe mai 2019, da 02BC wanda shi ne aka ware domin ya zama harafi. Ido ba ya bambance su sosai, amma tubalin da ke neman kalma yana iya ɗaukar su abu uku, wani tubalin kuma ya ɗauki na farkon a matsayin ƙarshen zance, ya katse suna irin su 'Yar'aduwa ko Sa'adatu a tsakiya. Wanda aka ba aikin tsara rajistar ɗalibai ko ta asibiti a Sabon Birni ko Isa, inda jama'a suke kai da kawowa tsakaninsu da Tibiri da Maraɗi, zai iya tarar da sunan mutum ɗaya a rubuce ta hanya huɗu, uku na wannan gefen iyaka, ɗaya na wancan, tubalin da ya aro daga waje kuwa zai lissafa masa mutum huɗu in bai koya masa ya mayar da su harafi ɗaya ba kafin a adana.