Wa ke hukunta ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa a Najeriya, kuma da wace doka?

A ranar 9 ga Yunin 2024, wasan da aka kara tsakanin Enugu Rangers da Enyimba ta Aba a filin wasa na Nnamdi Azikiwe da ke Enugu ya tsaya ana dab da tashi, babu wanda ya zura wa wani ƙwallo. Alƙalin wasa ya ba Rangers bugun fenariti a cikin mintunan da aka ƙara, 'yan wasan Enyimba suka ƙi amincewa, aka watse ba a kammala ba. Hukumar gasar Firimiyar Najeriya, NPFL, ta ba Rangers maki uku da ƙwallo uku, ta ci Enyimba tarar naira miliyan 10, ita ma Rangers aka ci ta tarar miliyan 5 saboda gazawa wajen tsaron filin. Mako guda bayan haka Rangers ta lashe gasar karo na takwas. Wato wani ɓangare na makin da ya kai ta ga kofi a ofis aka rubuta shi, kuma babu kotun ƙasa da ta zauna a kan batun.

Ikon yanke irin wannan hukunci ya samo asali ne daga yarjejeniya. Duk ƙungiyar da ta yi rajistar shiga gasar ta amince da kundin ƙa'idojinta, da dokokin Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Najeriya, NFF, da na hukumar Afirka, CAF, da na FIFA. Idan aka yi zargin saɓa ƙa'ida, hukumar gasar kan duba rahoton alƙalin wasa da na kwamishinan wasa, da bidiyo idan akwai, sannan ta aika wa ƙungiyar takarda guda mai ɗauke da tuhuma da hukunci a tare. Ƙungiyar na da sa'o'i 48 ta rubuto cewa ta karɓa, ko kuwa ta zaɓi a gurfanar da ita gaban kwamitin ladabtarwa. Daga can sai kwamitin ɗaukaka ƙara na NFF. Matakin ƙarshe shi ne Kotun Sasanta Rikicin Wasanni, CAS, wadda aka kafa a 1984 a birnin Lozan na ƙasar Suwizalan.

Laifin mutum ɗaya, hukuncin ƙungiya

A kotun laifuka, sai mai gabatar da ƙara ya tabbatar da wanda ya aikata abu, da kuma niyyarsa. A dokar ƙwallo ba haka abin yake ba. Kundin ladabtarwa na FIFA ya ɗora wa kowace ƙungiya alhakin abin da magoya bayanta suka yi, ko da ta nuna cewa ba ta yi sakaci ba. Mai masaukin baƙi kuma na da ƙarin nauyi: tsaron alƙalan wasa, da ƙungiyar da ta zo, da 'yan kallo duka yana wuyanta. Hujjar masu wannan tsari ita ce ba za a iya zaƙulo wanda ya yi jifa a cikin dubban mutane ba, amma ana iya tilasta wa ƙungiya ta tsare ƙofofinta ta kuma ja wa mutanenta kunne.

Wannan ƙa'ida ta shafi Hausawa mazauna Kudu fiye da yadda da yawansu suka sani. A Ama Hausa da Gariki a Enugu, garin da Malam Umaru Altine daga lardin Sakkwato ya zama magajin garinsa na farko a shekarun 1950, da unguwar Diobu a Fatakwal, da bakin gadar Anacha, akwai 'yan kasuwa da direbobi da dillalan shanu waɗanda zuciyarsu ke tare da Kano Pillars ko Katsina United ko El-Kanemi Warriors. Su ne kan fito tarbar waɗannan ƙungiyoyi idan sun zo wasa. A idon doka, mutumin da ya shekara ashirin a Enugu bai taɓa sayen tikiti a Kano ba, da zarar ya shiga fili da rigar Pillars yana kiran "Sai Masu Gida", abin da ya aikata ana iya rubuta shi a kan Pillars. A ɗaya gefen kuma, lafiyarsa a cikin filin amana ce a hannun Rangers ko Rivers United, kuma idan aka taɓa shi ita za a tuhuma. Sai dai ba shi da kujera a zaman kwamitin, ba ya iya shigar da ƙara, ba ya iya ɗaukaka ta.

Tarihin Pillars na 'yan shekarun nan ya nuna yadda hukuncin ke hawa mataki-mataki. A Yunin 2019, bayan an tashi kunnen doki 1-1 da Rangers a filin Agege da ke Legas, a wasannin fitar da zakara, 'yan kallo suka kutsa fili suka auka wa alƙalin wasa. Aka ci Pillars tarar naira miliyan 8, aka dakatar da kyaftin ɗinta Rabi'u Ali wasa 12. A Afrilun 2022 an farfasa motar Katsina United a Kano, aka ci tarar miliyan 9, aka mayar da wasannin gida na Pillars Abuja. A watan Yuni na wannan shekarar aka cire mata maki uku bayan an sami shugabanta na lokacin da cin zarafin mataimakin alƙalin wasa a karawa da Dakkada, kuma a ƙarshen kakar ƙungiyar da ta ɗauki kofin gasar sau huɗu ta faɗa rukuni na ƙasa. A Oktoban 2025, bayan Shooting Stars ta Badun ta farke ƙwallo a mintunan ƙarshe a filin Sani Abacha, an sake kutsawa fili. Hukuncin ya zo da tarar miliyan 9.5, da cire maki uku da ƙwallo uku, da komawa Katsina da wasannin gida.

Tarar kuɗi dai ita ce mafi rauni a cikin waɗannan hukunce-hukunce. Pillars da Rangers da Rivers United da Enyimba duk mallakar gwamnatocin jihohi ne, don haka daga baitulmalin jama'a ake biya, wanda ya yi jifan kuwa yana gida yana shan shayinsa. Cire maki da rufe fili su ne ke cizo.

Ranar da aka je kotu

Dokokin FIFA sun hana mambobinta kai rikicin ƙwallo kotunan ƙasa, alhali sashe na 6 da na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 sun ba kowane ɗan ƙasa damar zuwa kotu da haƙƙin a saurare shi cikin adalci. Karon da waɗannan biyu suka yi a 2016 ya faro ne daga wani wasan Rangers. A Afrilun shekarar aka tashi daga wasanta da Giwa FC a Jos ba a gama ba saboda hargitsin 'yan kallo. Kamfanin LMC, wanda ke gudanar da gasar a lokacin, ya mayar da wasannin Giwa zuwa Ilori. Ƙungiyar ta ƙi halartar wasa uku, aka kore ta daga gasar. Sai wani mai goyon bayanta, wanda dokar FIFA ba ta ɗaure shi ba tunda shi ba mamba ba ne, ya garzaya Babbar Kotun Jihar Filato. Kotun ta ba da umarnin a mayar da Giwa, daga baya ta yanke wa shugaban LMC Shehu Dikko da babban jami'in gudanarwarsa Salihu Abubakar ɗaurin kwana 14 bisa raina kotu. LMC ta ɗaukaka ƙara, gasar ta ci gaba ba tare da Giwa ba, Rangers ta ɗauki kofin da ta shekara 32 tana nema.

Takobin da FIFA ke riƙe da shi shi ne dakatar da ƙasa baki ɗaya, kuma ta zare shi a Yulin 2014, lokacin da wata kotu a Jos ta dakatar da shugabancin Aminu Maigari na NFF. Kwana tara aka yi kafin a janye dakatarwar.

Fatakwal ma ta ɗanɗana wani nau'in rikicin, wanda babu jifa a cikinsa, sai lissafi. Da annobar korona ta tsayar da kakar 2019/2020, aka yanke shawarar raba makin kowace ƙungiya da adadin wasannin da ta buga. Rivers United na da maki 45 daga wasa 25, Enyimba na da 36 daga wasa 20, kowacce ta tashi da 1.8. Aka sa Enyimba a matsayi na biyu bayan Plateau United, ta tafi gasar zakarun Afirka, Rivers United ta koma ƙaramar gasar CAF tana mai cewa an yi mata fashin gurbi, har ta yi shelar zuwa CAS. Tushen matsalar shi ne an zaɓi ma'aunin ne bayan kowa ya riga ya ga teburi, ya san wanda zai amfana.

A nan ne tsarin ya fi buƙatar gyara. Hukumar gasar ita ce mai tuhuma kuma ita ce alƙalin farko. Sa'o'i 48 sun yi kaɗan ga ƙungiyar da ke kan hanyar mota daga Fatakwal zuwa Maiduguri ta tattara shaida ta nemi lauya, ga kuma gargaɗin da takardar kan ƙunsa cewa ƙarar da aka ga ba ta da tushe za ta iya jawo ƙarin hukunci. Abin da jama'a kan gani shi ne jerin lambobin ƙa'idoji da adadin tara, ba cikakken bayanin dalilai irin wanda CAS kan wallafa ba, shi ya sa kowane ɓangare na ƙasar ke ganin nasa aka fi matsa wa. Zuwa Lozan kuwa sai da kuɗin waje da lauyoyi, kuma a cikin kwana 21 a mafi yawan shari'o'i. Tsohon kocin Super Eagles Samson Siasia ya bi wannan hanya: FIFA ta haramta masa harkar ƙwallo har abada a Agustan 2019, CAS ta rage hukuncin zuwa shekara biyar a Yunin 2021.