Tarihin Yawon Buɗe Ido a Tashar Victoria ta Hong Kong

Tashar Victoria mashigin ruwa ce mai zurfi da ta raba tsibirin Hong Kong da yankin Kowloon a kudancin ƙasar Sin. Zurfinta da duwatsun da ke kare ta daga iska su suka kwaɗaitar da Birtaniya ta mamaye tsibirin a 1841, ta kuma haɗa da Kowloon a 1860, aka laƙaba wa ruwan sunan Sarauniya Victoria. Wurin sauke kaya ne tun asali, kuma abubuwan hawa biyu da baƙi suka fi rububi a kansu yau, domin jigilar mazauna garin aka ƙirƙire su.

Na farko shi ne Peak Tram, jirgin da ake ja da igiyar ƙarfe zuwa kusa da saman Dutsen Victoria mai tsayin mita 552. An buɗe shi a 1888. Kafin zuwansa, 'yan dako ne ke ɗaukar Turawa a kan kujera su hau da su, saboda masu mulkin mallaka sun fi son sanyin saman dutsen a kan zafin bakin ruwa. Da tururi jirgin ya fara aiki, sai a 1926 aka mayar da shi na lantarki. A 1904 aka yi dokar da ta hana Sinawa zama a unguwar saman dutsen, daga baya har kujerun gaba na jirgin ma aka keɓe wa gwamna. Abin takaici ne a ce kallon da birnin ke alfahari da shi yanzu ya daɗe yana hannun 'yan tsiraru, alhali masu ƙasar ne ke ɗauke da su a kafaɗa.

A wannan shekarar ta 1888 ne kuma wani ɗan kasuwa Bafarishe daga Indiya, Dorabjee Naorojee Mithaiwala, ya kafa kamfanin fito tsakanin gaɓoɓin biyu, wanda ya koma Star Ferry a 1898. Jiragensa masu launin kore da fari, hawa biyu, suna ƙetare ruwan cikin 'yan mintoci a kan kuɗi kaɗan. Talakawa sun ɗauke su a matsayin nasu, shi ya sa ƙarin santi biyar da aka nemi yi a 1966 ya haddasa yajin cin abinci da tarzoma a Kowloon. Da aka buɗe hanyar mota ta ƙarƙashin ruwa a 1972, jirgin ƙasa ya biyo baya a 1980, sai fito ya daina zama dole. Sannu a hankali ya koma abin marmari, ma'aikaci da baƙo mai kyamara suna zaune a benci ɗaya. Har yanzu da wuya a sami inda birnin ya fi fitowa da kyau kamar daga tsakiyar ruwa da magariba.

Dogayen benayen da ake zuwa kallo ba su daɗe ba. Hedikwatar bankin HSBC da Norman Foster ya zana an kammala ta a 1985, Hasumiyar Bankin Sin ta I. M. Pei a 1990. Kowloon kuwa ta daɗe da gajerun gine-gine saboda filin jirgin saman Kai Tak da ke tsakiyarta, inda jirage ke ratsa saman rufin gidaje kafin su sauka. Rufe shi a 1998 ya ba da damar ɗaga gini, har aka kai ga ICC mai tsayin mita 484 a 2010. A 2004 aka fara wasan fitilu da kiɗa daga jikin benayen da ƙarfe takwas na dare, 'yan kallo na taruwa a gaɓar Tsim Sha Tsui, kusa da hasumiyar agogo ta 1915, wadda ita kaɗai ta rage daga tsohuwar tashar jirgin ƙasa.

Sai dai ƙasar da yawancin benayen bakin gaɓa ke tsaye a kai, ruwa ce da aka cike. Fiye da ƙarni guda ana zuba ƙasa da duwatsu a mashigin, yana ta ƙara matsewa, jiragen kwantena kuma suka koma Kwai Chung tun daga 1972. Masu kishin tashar sun yi fafutuka har aka kafa dokar kare ta a 1997, shekarar da Birtaniya ta miƙa yankin ga Sin, kuma a 2004 kotun ƙoli ta ce ba za a ƙara cike ruwan ba sai da babbar buƙatar jama'a. Hakan bai ceci tsohuwar tashar Star Ferry ta unguwar Central da agogonta ba. An rushe ta a ƙarshen 2006 duk da zanga-zangar matasa, aka mayar da fito sabuwar tasha can gaba a kan ƙasar da aka cike, inda fasinja ke yin doguwar tafiya a ƙafa kafin ya isa jirgi.