Gidan Ɗan Hausa a Matsayin Madogarar Tarihin Ilmin Boko a Kano

Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu nuna cewa tsohon gini madogara ce ta tarihi kamar yadda rubutacciyar takarda take, muddin an san yadda za a karanta shi. Misalin da muka ɗauka shi ne Gidan Ɗan Hausa da ke Nasarawa, a wajen ganuwar birnin Kano, wanda yanzu yake hannun Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano.

Gidan ya samo sunansa ne daga Hanns Vischer, mutumin Suwizalan da aka haifa a Basel a shekarar 1876. Da aikin mishan ya fara zuwa ƙasar Hausa, sa'an nan ya koma aikin gwamnatin Turawa. A 1906 ya ƙetare Sahara daga Tarabulus zuwa Barno, a 1909 kuwa, wato shekara shida bayan Turawa sun ci Kano, ya buɗe makarantar gwamnati ta farko a Nasarawa. Gwanintarsa da harshen ce ta sa aka yi masa laƙabi da Ɗan Hausa.

Mai ziyara yakan fara cin karo da lambun da ya kewaye gidan da manyan itatuwansa masu inuwa, daga nan ya shiga ɗakunan da aka ajiye hotuna da kayayyakin gargajiya. Waɗannan duka suna da amfani, amma a ganinmu babban abin kallo shi ne ginin kansa. Bango ne na ƙasa mai kauri, da rufin azara, da bakan gizo irin na sorayen sarakuna, da zankwaye a bisa. Baturen da aka ɗora wa nauyin kawo baƙon ilmi ya zaɓi ya zauna a cikin soro na Hausawa, kuma wannan ita ce dabarar da ya bi a makarantarsa, inda aka tara malamai da 'ya'yan sarakuna ana koyar da su da Hausa, ba tare da wa'azin mishan ba, don kada iyaye su tsorata.

Sai dai kada kyan soron ya rufe mana ido. A wannan makaranta ne aka kafa wa rubutun boko gindi a kan ajami, kuma Vischer ne ya fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa a 1912. Mu kanmu da muke gabatar da maƙala cikin boko a yau magadansa ne, ko mun so ko mun ƙi.

Akwai kuma wani giɓi. Sunan Baturen ya bi gidan, amma na magina Kanawa da suka ɗaura azarar bai bi shi ba. Ya kamata ɗalibanmu na sashen tarihi su tuntuɓi zuriyar Sarkin Magina tun masu riƙe da labarin suna raye.